Irin da Ba Ya Jiran Kaka

Mijin yayata, Ntate Mokhele, wato Baba Mokhele a yarenmu, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana haƙo zinariya a ramukan Afirka ta Kudu. Zinariyar ta tafi inda zinariya ta saba tafiya, shi kuma ya dawo mana Mapoteng da rediyo da sabon bargo da ƙura a huhu. Rediyon ya lalace, bargon ya tsufa. Ƙurar ce kaɗai ta riƙe amana.

Tun da ya dawo, matekoane yake nomawa, wato wiwi, can cikin kwari a tsakanin layukan masara, kamar yadda ubansa ya yi, kamar kuma yadda rabin masu zama a layin gaba a cocinmu suke yi. Shi bai taɓa busa ta ba. Ya ce abin da ya shaƙa a rami ya ishe shi. Da ita ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, da ita ya binne yayata, da ita ya kai 'yarsu tilo, Mosa, makaranta har ta gama karatun aikin gona. Saboda ita kuma wata shekara 'yan sanda suka ƙona masa gona ana gab da girbi, suka ajiye shi a gidan yari don ya yi tunani. Ya yi tunanin, ya fito, ya sauya kwari.

Daga baya gwamnati ta gano ashe ganyen magani ne, muddin mai shuka shi yana da lasisi kuma ba ɗan ƙauye ba ne. Kamfanoni suka zo suka kafa dogayen rumfunan leda a wajen Maseru, babban birninmu, da fitilu da famfuna da masu gadi. Mosa ta sami aiki a ɗaya daga ciki. Ranar da ta kawo labarin gida ina nan zaune, domin ƙofata na kallon tasa, kuma malamin tarihi mai ritaya ba shi da wurin zuwa da ya fi gidan maƙwabci.

“To madalla,” in ji uban. “Ni aka sa wa ankwa, ke aka sa wa farar riga. Ganyen dai ɗaya ne ko?”

Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi, da ya fi sauƙi. Sunanta kawai ya daina kira, ta koma Likita a bakinsa. In ta zo ƙarshen wata yakan tambaye ta hanya da ruwan sama, ya karɓi sukari da shayin da ta kawo, ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙuwa. Aikinta kuwa bai taɓa tambaya ba, ko da wasa.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ƙanƙara ta zubo a watan Maris ta kwantar masa da gonar gaba ɗaya, tun iri bai nuna ba. Bayan haka tarin ya kayar da shi, ya yi duk lokacin sanyi a gadon asibiti. Ɗan tsohon irin da ya ajiye cikin gwangwani a kan katanga, yoyon rufi ya same shi ya yi fumfuna.

Ranar sallama Mosa ta ja ni gefe a barandar asibitin.

“Malome,” ta ce, haka take kirana tunda ni kawunta ne, “likita ta ce in ya ga sabuwar shekara mu gode Allah. Wataƙila ya taɓa Janairu. Kaka kam a cire rai.”

“Shi ya sani?”

“Ta ce ya rage namu.”

Mu kuwa ba ma faɗa wa marar lafiya irin wannan magana. Cewa muke yi ya ci abinci, ya fi jiya kyan gani. Mun ƙware a kai har wani lokaci mamacin ne na ƙarshe da ke samun labari.

Ya dawo gida ƙashi da fata, amma bakin na nan. Bai ma gama zama ba ya ce a miƙo masa gwangwanin. Ya buɗe, ya duba, ya rufe.

“Ticha, bana zan rama,” ya ce da ni. “Ba za a ce girbin Mokhele na ƙarshe shi ne wanda ƙanƙara ta ci ba. Sai na rataye matekoane a wannan azarar da hannuna, ɗakin nan ya yi wari har faston ya ƙi shigowa.”

“Wa ya ce maka na ƙarshe ne, Soare?” Haka muke kiran mijin 'yar'uwa.

“Ba wanda ya ce. Magana ce. Kai kam komai sai ka sa masa jan biro.”

To, irinmu na gado ba ya gaggawa. A shuka shi farkon damina, wajen Oktoba, ya yi ta miƙewa har ya wuce kan mutum, ba zai yi fure ba sai ya ga rana ta fara gajarta a Maris. A yanke shi Afrilu ko Mayu, kafin sanyi ya sauko daga duwatsu. Ni da Mosa muka kalli juna. Ba sai an je jami'a ba kafin a gane Afrilu ta fi Janairu nisa.

Ya ce a aika wa ƙanwarsa a Mokhotlong ta aiko da iri, domin nata da nasa tushe ɗaya ne, daga hannun ubansu. Mosa ta ce ita za ta je ta karɓo.

Bari in faɗa tun yanzu abin da ni ban sani ba sai daga baya: ba ta je Mokhotlong ba. A kamfaninsu akwai wani iri da Turawa suka haɗa, wanda ba ruwansa da tsawon rana ko gajartarta. Kwanakinsa kawai yake lissafawa. Yana 'yan makonni zai fara fure, ko damina ko rani, ko an so ko an ƙi, kafin wata uku ya nuna ya mutu, tsayinsa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Shi ta fito da shi a kalmasar siket, ta wuce masu gadi. Ta san in uban ya ji sunan kamfani, a murhu zai zuba. Sai ta ƙulle shi a tsumman wani tsohon ɗankwali, ta ce daga goggo.

Ya zuba a tafin hannu, ya juya da yatsa.

“Irin ya yi ƙiba.”

“Ƙasar can ce, Ntate. Taki ya yi musu yawa.”

“Ƙanwata da taki? Matar da ko kashin kazarta sai ta ƙirga?”

Amma ya karɓa. Wanda yake son ya yarda ba ya wahalar da mai yi masa ƙarya.

Kwari ya fi ƙarfinsa yanzu, ko bayan gida sai ya huta a hanya. Don haka Mosa ta sayo leda mai kauri, muka yanko sanduna, muka kafa masa 'yar rumfa a jikin ɗakinsa ta wajen da rana ke bugawa, yadda ƙanƙara ba za ta sake yi masa ta'asa ba. Yana zaune a kujera cikin bargo yana ba da umarni.

“Ga shi nan, na zama kamfani,” ya ce. “Saura mai gadi. Ticha, kai za ka yi, dama ba ka da aiki.”

Mosa ta cika tsofaffin bokitai da ƙasa, ta huda gindinsu, ta saka ƙwaya ɗaya-ɗaya. Da za ta tafi ta durƙusa a gabansa.

“Ntate, goggo ta ce in gaya maka. Wannan irin ba a dasa shi. Ba a tsinke masa kai. Duk abin da ya yi, a ƙyale shi. Ruwa kawai, shi ma kaɗan.”

“Goggonki ta ce?”

“Ta ce.”

“Yarinyar da na goya a bayana ita za ta koya mini matekoane? Likita, je ki kar mota ta bar ki.”

Ta kalle ni kamar za ta ce wani abu, ba ta ce ba. Daga baya ta gaya mini ta ji tsoron bakina ne. Ban ga laifinta ba. Na yi shekaru ana biyana don in yi magana.

Tsirran suka fito, kuma na rantse mutumin ya tashi tare da su. Wanda sai an roƙe shi ya sha kunu, sai ga shi yana cinye kwanon papa, tuwonmu na masara, da ganye yana neman ƙari. Kullum da hantsi nakan ɗauko masa kujera in kai rumfa, ya zauna cikin ɗumin ledar, tarin ma yakan lafa. Ya lura ganyen ya fi wanda ya sani faɗi, ya ɗora laifin a kan sanyin Mokhotlong. Ya lura ba sa tsawo yadda ya kamata, ya ɗora laifin a kan bokitai.

“An taɓa ganin matekoane a bokiti kamar wanki? Ɗauko fartanya.”

“Ba an ce kar a dasa ba?”

“Wa ya ce? Kai ma goggonka ce?”

Na haƙa ramuka a cikin rumfar, shi ya juye bokitan da hannunsa. Ya dasa su da kyau, na shaida. Ya danna ƙasa da babban yatsa, ya ba su ruwa da kofin shayinsa. Bayan 'yan kwanaki ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsinke musu kai, yadda ake yi wa namu don ya yi rassa. Namu yana da rabin shekara a gabansa, in ka ji masa ciwo zai warke ya ninka. Waɗannan ba su da wannan lokacin, amma ba wanda ya sani a cikinmu.

Wata safiya na tarar da shi tsaye, abin da ya daɗe bai yi ba, ya dafa sanda yana leƙen wani tsiro.

“Zo ka ga rashin kunya.”

Fararen gashi ne siri-siri suka fito a hammatar ganye. Fure. Tsiron ko gwiwata bai kai ba.

“Ba abin murna ba ne?” na ce.

“Murna? A Nuwamba? Kai wane irin tarihi ka koyar? Wannan ruɗewa ce. Na taɓa gani shekarar da na yi saurin shuka. Tsiro ya ga rana ba ta gama tsawo ba, ya ɗauka kaka ce, ya fara fure yana jariri. In ka bar shi ya lalace kenan. Cire masa za ka yi. Rana na ƙara tsawo zai dawo hankalinsa ya koma ganye.”

Gaskiya ya faɗa, wannan shi ne abin takaicin. Duk manomin matekoane a kwarinmu zai gaya maka haka, kuma a kan irinmu haka ne. Ya sa farce ya tsinke furen, ya jefar a ƙasa.

Kashegari wasu suka fito. Ya tsinke. Daga nan abin ya zama aikinsa na kullum. Nakan matsar masa da kujera daga tsiro zuwa tsiro, shi yana tsinka yana yi musu nasiha.

“Ina za ki da sauri haka? Wa ya kore ki? Ki tsaya ki girma tukuna, Maris na nan zuwa.”

“Soare, anya ba za ka bar ko ɗaya mu ga abin da zai yi ba?”

“Da haka kake yi wa 'yan makaranta ko? Shi ya sa ƙasar ta zama haka.”

Ƙarshen watan Mosa ba ta zo ba. Kamfani na nasa girbin, sun hana hutu, waya ma a bakin ƙofa suke karɓe ta. Sau ɗaya ta same ni, ta tambayi jikinsa, na ce da sauƙi sosai, yana cin abinci, yini yake yi a rumfa. Ta ce tsirran fa? Na ce suna samun kulawar da ko jaririn sarki bai samu ba. Ta yi dariya har da ajiyar zuciya. Ni ma na ji daɗin amsar tawa.

Rana ta yi ta tsawo kamar yadda ya ce, tsirran ba su dawo hankalinsu ba. Furen da suke fitarwa ya riƙa raguwa, ya ƙanƙance. Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Ya ce taki ne, na kwaso masa na tumaki. Ya ce ruwa ne, na ƙara. Ya ce ledar ce ta hana su iska, na yage gefe ɗaya. Rawayar ta ci gaba da hawa. Shi kuma ya koma barin rabin papa a kwano.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti Mosa ta sauka daga mota da jaka da kaza. Ba ta shiga ɗaki ba, rumfa ta nufa, fuskarta a sake. Na ga lokacin da ta ɗaga ledar. Ta daɗe a tsaye. Sanduna ne gajeru a jere, kowanne da 'yan ganye masu launin tsohuwar takarda, ƙasa kuma duk busasshen fure.

Uban na zaune a ciki, bai juyo ba.

“Likita, kin zo? Ga aikin ubanki. Na yi musu duk abin da na sani.”

Ta ce sannu, ta saki ledar, ta kama hannun rigata ta ja ni bayan garken tumaki. A can ta gaya mini komai, kalmomin na fita a guntule. Da ta gama ta toshe baki da ɗankwali don kar ya ji.

“Da yanzu sun kusa,” ta ce. “Da makon farko na Janairu zai yanka. Na lissafa, Malome, na lissafa sosai.”

“Ba za su farfaɗo ba?”

“Ba sa komawa baya. Lokacinsu ya ƙare.”

“A sake shuka wani mana.”

Ta kalle ni. Na janye maganar, domin ni ma na iya lissafi in an matsa mini.

Sai ta share fuska ta taka zuwa ƙarshen katangar dutse da ta kewaye garken, ta ture wasu ƙayoyi. Ashe ranar da aka yi shuka ta binne 'yan ƙwayoyi a nan, a fili, ba ta gaya wa kowa ba. “Na san ubana,” ta ce. Tumaki sun cinye sauran. Ɗaya ya tsira a lungun da bakinsu bai kai ba. Ba wanda ya dasa shi, ba wanda ya ba shi ruwa sai sama, ba wanda ya yi masa nasiha. Tsayinsa ya ɗan wuce gwiwa, kansa ya cika da fure har ya sunkuya, yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa sukari.

“In na nuna masa, zai gane,” ta ce.

“Zai gane kin yi masa ƙarya.”

“Ba wannan ba. Zai tambayi dalili.”

Muka bar maganar a nan. Aka yanka kazar, aka dafa, ya ɗanɗani romo ya ture.

Washegari da hantsi na kai masa kujera rumfa kamar kullum. Mosa na shanya a waje, leda kawai ke tsakaninmu. Ya zauna yana kallon sandunan, sai ya ɗaga hannuwansa biyu ya juya su.

“Ticha, ka san abin da ya faru? Ba iri ba ne. Irin ubana ne, ba ya ƙarya. Hannun ne.”

“Haba Soare.”

“Hannun ne ya mutu. Tun ina yaro ban taɓa shuka abu ya ƙi ni ba. 'Yan sanda sun ƙona, ƙanƙara ta ci, wannan duk daga waje ne. Amma a ce na tsaya a kan abu safe da yamma ya mutu a hannuna?” Tari ya sarƙe shi, ya jira ya wuce. “Kar ka gaya wa ƙanwata. Ka ce tumaki ne.”

Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne yayata. Ranar na gani.

Ledar ta ɗaga. Mosa ta shigo, hannunta da ruwan wanki.

“Ntate, tashi in nuna maka wani abu.”

Muka riƙe shi ta gefe biyu. Tafiyar da ba ta wuce jifa ba sai da muka tsaya hutu sau da yawa. Na ajiye masa kujera a gaban lungun, Mosa ta janye ƙayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannu ya murza furen kaɗan, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa.

“Wannan ba na ubana ba ne.”

“A'a, Ntate.”

“Warin lemo yake. Na kamfani ne.”

“Na kamfani ne. Da shi da na rumfa duk ɗaya ne. Ban je Mokhotlong ba.” Ta matso kusa da kujerarsa. “Ba hannunka ba ne. Shi haka yake, ba ya kallon rana. Yana ƙarami yake fure, kuma sau ɗaya yake yi. Abin da ka yi, da namu ne da daidai ka yi.”

Na jira tsawa. Na ma fi son ta zo.

“Wato furen da na yi ta tsinkewa…”

“Shi ne girbin.”

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin da ya riga ya zata.

“Daga shuka zuwa yanka, wata nawa yake yi?”

“Ba ya cika uku.”

Ya dubi tsiron, ya dubi duwatsu, ya dubi 'yarsa. Mutum ne da bai yi makaranta ba, amma ya yi rayuwarsa yana auna watanni da ido. Na ga lokacin da lissafin ya fita.

“Uku,” ya ce. “Haka ta ce miki, matar asibitin?”

Mosa ta zube a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa. Ni kuma na sami wani abu mai muhimmanci da zan kalla a jikin katanga.

“Kai ma ka sani, Ticha?”

“Na san na asibiti. Na iri jiya na ji.”

“Shi ya sa kake ta cewa na yi ƙiba. Munafuki.” Ya ɗora hannu a kan ɗankwalinta, ya bar shi a nan. Can ya ce, “Mosa. Ɗago. Wannan ɗin, yaushe zai nuna?”

Sunan ya fito kamar bai taɓa ajiye shi ba. Ta ɗago tana jan hanci, ta jawo reshe ta nuna masa.

“Ka ga gashin nan? Sai yawancinsa ya koma ja. Da ɗan saura.”

“Mu ma da haka muke ganewa. To me kuke yi da fitilun?”

Ta fara yi masa bayani. Ya ce wannan hauka ne, wa ke kunna wa ganye fitila alhali mutane na kwana a duhu. Ta ce ai shi ma ya ba nasa ruwa da kofin shayi. Ya tambayi yadda suke shanya, ta faɗa, ya ce ɓarna suke yi. Haka suka yi ta musu har rana ta take. Tambayoyin shekara huɗu ne, ya ga ba shi da lokacin jan aji.

Mosa ba ta koma aiki bayan Kirsimeti ba. Kamfani ya aiko a tambaya, ya sake aikowa, daga nan ya sami wata mai farar riga. Kujerar ta tashi daga rumfa ta koma bayan garke. Kullum mukan kai shi, daga baya da ƙafafun suka ƙi mukan ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya, ba nauyi gare shi ba. Yakan zauna ya tsare tsiron da ido, hannuwansa a cikin bargo.

“Riƙe su nake yi,” ya ce da ni. “In na sake su za su taɓa.”

Wata rana ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, “Da na bar su, da rumfar ta cika ko?”

“Da ta cika,” in ji Mosa. Ta daina yi masa ƙarya, shi ma bai nema ba.

Ya ga sabuwar shekara. Cikin Janairu, wata safiya bayan raɓa ta bushe, Mosa ta duba ta ce ya yi. Aka ɗauko tsohuwar wuƙarsa ta kwari, wadda ta saba sare itatuwan da suka fi shi tsawo. Ta riƙe masa tsiron, ya sa wuƙar a gindi, ya ja. Bai yanku ba. Ya huta, ya sake ja.

Ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya, duk girbin shekarar, bai fi tsintsiya ba.

“Ticha, kira motoci. Ka ce su zo da buhuna.”

Ya ce shi zai rataye. Azarar ta yi masa nisa, sai muka ɗaga shi, ni ta dama Mosa ta hagu, ya ɗaura igiyar da hannunsa, ƙulli biyu, kan tsiron na kallon ƙasa. Muka mayar da shi gado. Ya kwanta yana kallonsa.

“Ɗakin bai yi wari ba,” ya ce.

“Zai yi, Ntate. Sai ya fara bushewa.”

“Kar a taɓa shi sai reshe ya karye da ƙara. In ya lanƙwashe, da saura.”

“Na sani.”

“Na san kin sani. Wancan nake gaya wa.” Ya nuna ni da haɓa.

Ya rasu reshen na lanƙwashewa. Faston ya shigo ɗakin ya yi addu'a a ƙarƙashin tsiron, bai ko gane shi ba. Ya ɗauka wani ganyen shayi ne. Ƙanwarsa ta zo jana'iza daga Mokhotlong, ta kawo ƙullin iri a tsumma, na gaske, ta ce ta ji an ce ƙanƙara ta cinye nasa, me ya sa ba wanda ya aiko ya tambaya. Mosa ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

Bayan an watse, ina taya ta kwashe kujerun aro, sai na ga ta shiga ɗakin ta tsaya a ƙarƙashin azarar. Ta miƙa hannu ta kama ƙaramin reshe ta lanƙwasa. Ya karye, ƙas, har daga bakin ƙofa na ji.

“Ya bushe, Malome,” ta ce.

“To a sauke?”

Ta dubi ƙullin igiyar, biyu, ɗaya a karkace.

“A'a. Bar shi.”